Kunun Goggo Hajo, wanda ba ya son sukari

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Goggo Hajo, ƙanwar mahaifina, kuma har yau a Ƙofar Rini in aka sha kunun zaƙi sai an yi zancenta. Ita ke dama kunun biki da na suna a danginmu, sukari kuwa bai taɓa shiga tukunyarta ba. Shinkafa take jiƙawa, ta rufe da buhu har ta yi tsiro, ta shanya, ta daka. Garin nan shi ne sukarinta.

Ni malamar kimiyya ce, kuma ina da son nuna sani. Na taɓa zaunar da ita ina bayani: sitacin gero kamar dogon carbi yake, harshe ba ya jin zaƙinsa sai an tsinka shi ƙwaya-ƙwaya. Ruwa ne ke shiga tsakanin ƙwayoyin ya raba su, wani sinadari da ke cikin tsiron kuma shi ke gaggauta aikin. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "To, Malama, mun jiya. Miƙo min ludayi."

Da za ta ɗanɗana kunun roba na yanzu, wanda ake ɗura wa sukari har ya ginshi mutum, na san tsaki za ta ja ta nemi ruwan kurkure baki.

Watan jiya na aurar da 'yata. Dangi suka ce kunun Goggo za a yi, aka ɗora mini, tunda ni ce mai ilimin. Ana gobe ɗaurin aure na dama gasara da tafasasshen ruwa, na zuba garin tsiro nan take don sauri. Kunu ya tsaya da kaurinsa, salam. Zafi ya kashe sinadarin, abin da nake koya wa ɗalibai duk shekara. Kunya ta rufe ni. Ƙanwata ta ce, "Yaya, zuba sukari kawai, wa ka sani?" Na ƙi, don sunan Goggo za a kira a kan kunun nan.

Sai a lokacin na tuna Goggo takan bar tukunya ta huce, tana tsoma ɗan yatsa. In yatsa ya iya zama, sannan tsiro ya shiga. Ni da na ɗauka hira ce ke ɗauke mata hankali. Na sake damawa, na jira, na zuba, na rufe. Da safe kunu ya saki, zaƙi ya fito.

Goggo ba ta bar gida ko gona ba, Allah Ya jiƙanta. Wannan kunun ta bari, kuma saura ƙiris ya salwanta a hannuna. Na kai wa Inna Ige, aminiyarta, kofin farko. Ta kurɓa, ta sake kurɓa.

"Na Hajo ya hi shi," in ji ta. "Amma ba ki yi mata ƙarya ba, ɗiyata. Ƙaro min."