Fom ɗin Motar Hedimasta

A unguwar ba wanda ke kiranta da sunanta na yanka. Goggon Gidan Waya ake ce mata, don shekara talatin da ɗaya ta yi a bayan kanta tana manna kan sarki, tana buga hatimi, tana yi wa mutane faɗa a kan adireshin da ba ya karantuwa. Ba mace ce mai fara'a ba, ba ta kuma taɓa aro ba. Da ta yi ritaya aka ba ta agogon bango. Yana nan a falo, kullum gaba yake da minti bakwai.

Mijinta hedimasta ne, shekara shida ke nan da rasuwarsa. 'Ya'yansu uku duk aiki ya kwashe su zuwa wasu garuruwa. Abin da ya rage mata shi ne gida mai ɗaki huɗu wanda take kwana a ɗaya, da baƙar mota a rumfa lulluɓe da tamfol, da akwatin gidan waya mai lamba 214.

Duk ran Laraba sai ta rataya jaka ta taka zuwa gidan wayar, ta buɗe akwatin da ɗan makullinta. Ta san wayam za ta same shi, wa ke rubuta wasiƙa yanzu? Amma sau ɗaya a shekara takan tarar da dogon ambulan, da sunan Hedimasta an buga da manyan baƙaƙe. Wani kamfani ne da ke tambayar masu manyan motoci yadda motocinsu ke yi musu, ya tattara amsoshin ya fitar da jeri: mai ƙarko a sama, mai ba da wahala a ƙasa. Duk duniya kamfanin nan kaɗai ne bai san Hedimasta ya mutu ba. Ita kuwa ba ta gaya masa ba.

Motar da garatutinsa ya saye ta. Ya yi shekara talatin yana hawa babur, iyayen ɗalibansa na wuce shi suna fesa masa ruwan kwata, don haka ya ce kafin ya mutu sai ya zauna a kujerar fata. Ya zauna kuwa. Wata biyar da saye, wata safiya suka tashi suka ga bayan motar ya durƙushe kamar raƙumin da za a yi wa lodi. Daga nan sai gilashin gefenta ya ƙi tashi, ruwan sama ya yi wa Goggo duka har gida. Sai giyar motar ta fara gardama. Sai wata jar fitila a gaban sitiyari da ba ta taɓa mutuwa ba, har shi ya mutu ya bar ta. Sau uku Goggo na ɗaure gyale a ƙugu tana turin motar nan a bakin titi, shi yana ciki yana cewa, "Ƙara kaɗan, ta kusa kamawa."

Amma duk sanda ambulan ya zo, sai ya sa tabarau, ya ɗauki baƙin bironsa, ya bi layi-layi. Injin: babu matsala. Birki: babu matsala. Lantarki: babu matsala.

"Kai da kake zane yara a kan ƙarya," ta ce masa a karon farko.

"Wannan ba ƙarya ba ce, rufin asiri ne. So kike a ce Hedimasta ya zuba garatutinsa a rijiya?"

'Ya'yan ma ba su sani ba. In za su zo hutu, sai ya kai motar gareji mako guda kafin nan, su iso su tarar da ita tana ƙyalli a ƙofar gida.

Bayan rasuwarsa, da ambulan ya zo, ta ajiye shi a kan teburinsa kwana uku. Ran na huɗu ta zauna a kujerarsa, ta ɗauki biron, ta cike kamar yadda yake cikewa, har da sa hannunsa mai jela. Ba ƙarya ta yi ba ma, in ji ta: motar da ba ta motsa ba, ina za ta lalace? Rabin awa kawai abin ke ɗauka, amma a rabin awar nan akwai wanda ke jiran amsar Hedimasta, kuma Hedimasta na amsawa.

A shekara ta shida, ana kwana biyu da zuwan ambulan, Auta ta iso. Ita ce ƙaramar 'yarta, mai haɗa magunguna a wani babban asibiti. Ba ta ko ajiye jaka ba ta miƙa mata waya.

"Mama, duba nan. Kin ga ta sama? Irin ta Baba ce, sabon samfuri. Ita zan saya."

Goggo ta ja wayar nesa da idonta. Jerin kamfanin ne, ga tambarinsa irin na jikin ambulan.

"Sun mayar da ni reshen da ke bayan gari," Auta ta ci gaba. "Tafiyar awa ɗaya da rabi kullum, ga 'yan biyu a baya, sai na sauke su makaranta. Hanyar nan ko mai faci babu. Ina son motar da ba za ta yashe ni a daji ba. Mutum dubu goma sha ɗaya aka tambaya fa. Kuma ga ta Baba, ko ciwon kai ba ta taɓa ba shi ba."

"Shayinki na hucewa," Goggo ta ce.

Da la'asar Auta ta tafi, ta ce ƙarshen wata za ta je wurin dillali. Gidan ya koma shiru, sai agogo. Goggo ta fita rumfa, ta ɗaga gefen tamfol. Tayoyin sun kwanta, kyanwa ta haihu a ƙarƙashi ta kwashe 'ya'yanta tuntuni.

Washegari ta nufi garejin tsohon bakaniken da ya sha wahalar motar. Ta same shi a kan benci, ƙafarsa ɗaya da ke ciwo a miƙe bisa tsohuwar taya.

"A'a! Goggon Gidan Waya da kanta! Ko baƙar amaryar ce ta farka?"

"Tana nan tana jiranka, mai baƙin hannu. Tambaya na zo yi, ba zolaya ba."

"Ai ni motar nan ta yi mini rana. Ta fi kwana a nan a kan gidanku. Har na so in yanka mata ɗaki."

Ta zauna a ƙarshen bencin, ta gaya masa zancen Auta da jerin. Na fom ɗin ne ba ta faɗa ba.

Bakanike ya sosa gemu. "Takardar nan ba maƙaryaciya ba ce, Goggo, abin da aka faɗa mata take faɗa. Wadda kika ga a can ƙasa shekara da shekaru, to gudu ya kama ki, mutane da yawa ba sa haɗuwa su yi wa mota sharri. Amma ta sama? Sai ki tambaya su wa suka amsa. Mai babbar mota yawanci yana da wasu uku a gida. Wannan sai ran biki take fita, a yi kilomita biyar a dawo a wanke. In ta lalace ma direba ne ya sani, mai gida sai dai ya ga an kawo wata. Kuma wanda ya kashe dukiya a kan abu, da wuya ya ce an cuce shi. Sannan ga lissafinsu: rediyo ya ƙi magana, matsala ɗaya. Giya ta tsaya a tsakar daji, matsala ɗaya. Ke a ganinki ɗaya ne?"

"To me za ta yi?"

"Ta duba wace irin matsala aka ƙirga, ba nawa ba. Ta nemi mai bin hanya irin tata da motar, ta tambaye shi. Ta tambayi irinmu ko ana samun kayan gyaranta a kusa. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo." Ya dube ta ta gefen ido. "Ke kuwa ɗakin nan kin kwana a ciki. Ni ban taɓa tura ta ba."

Ta tashi ta kama hanyar gida.

A gida ta zauna a kujerar Hedimasta, fom a gabanta. Ta san amsa ɗaya a cikin dubu goma sha ɗaya ba ta ɗaga mota ba ta sauke ta. Amma ta shekara talatin tana ganin yadda buhu ke cika da wasiƙa ɗaya-ɗaya. Ta yi tunanin gidaje nawa ne ke da rumfa da tamfol da biro irin wannan. Sai ta ga Auta a bakin hanya, da takalmi mai tsini, yara biyu na kuka a baya, ba ko wanda zai ce mata ƙara kaɗan.

Ta ɗauki waya.

"Auta, ki saurara, kada ki katse ni. Motar ubanki ba ta da kirki."

Ta zayyana mata komai: durƙuson, da gilashin, da turin, da kai ta gareji kafin su zo hutu. Ta faɗi na fom ɗin ma, huɗu nasa, biyar nata.



"Mama, ke kika tura mota? A titi?"

"Sau uku."

"Kuma shekara biyar kina sa hannun Baba? Ke da kike korar mutane a kanta don sun yi gyara da biro?" Muryar ba ta dariya ba ce. "Da kin bar mini shi yadda na san shi."

"Da na bar miki shi, da na bar ki a daji. Ki je wurin bakaniken ubanki kafin dillali."

Auta ta ce ana kiranta, ta ajiye.

Goggo ta jawo fom ɗin. Wannan karon ta rubuta duk abin da ta tuna, har fili ya ƙare ta juya baya. A ƙasan shafin ƙarshe akwai wani ɗan gurbi da ta shekara biyar tana tsallakewa: idan mai motar ya sayar ko ya rasu, a yi alama a nan, ba za a sake aiko masa ba. Ta yi alamar. Ta manna kan sarki daidai kusurwa, yadda ta koya wa rabin garin.

Auta ta je wurin bakanike. Ta sayi wata, ta huɗu a jerin, wadda ya ce ko a ƙauye ana samun kayanta. Wata biyu ba ta kira ba, sannan ta dawo da kiran ran Lahadi, gajere, ba ta kuma sake ambaton motar Baba ba.

Da shekara ta zagayo Goggo ta buɗe akwati mai lamba 214 Laraba huɗu a jere, ba ambulan. A ta biyar ta zare makullin daga cikin sauran, ta miƙa shi a kantar gidan wayar. Yarinyar da ke wurin ba ta san ta ba.

"Mama, rufewa za ki yi? Sa hannu a nan."

Goggo ta karɓi biron, ta tsaya kaɗan, don hannunta ya fara jan jelar nan. Ta ɗaga shi ta sa nata. Sannan ta ce wa yarinyar hatiminta ya karkace, ta rataya jaka ta fita.