Hadarin Yamma da Alƙalancin Yayana

Yayana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa buga kurket ba ko sau ɗaya, amma ya yi shekaru yana alƙalancinsa. A ɗaki ɗaya muke a unguwar International City, can ƙasar waje inda muka je neman kuɗi. Ni ina aiki a wani ofishin kago, na aika kaya, a unguwar Al Khabaisi, shi kuma yana kula da sito a babbar kasuwar 'yan China da ke kusa da mu. Ranar Juma'a kawai muke hutu. Ni barci nake so, shi kuwa da an yi asuba sai ya nufi wani fili mai yashi a bayan gidajenmu.

A filin nan direbobi 'yan Pakistan da masu tsaron shago 'yan Indiya suke karawa, da ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif. Wasan gajere ne. Ɓangare ɗaya ya buga ƙwallon da sanda ya tara maki, ɗayan yana jefo masa yana neman fitar da masu bugun, sannan shi ma ya karɓi sandar ya yi ƙoƙarin wuce shi, a tashi kafin lokacin masallaci. Sun daɗe ba su da alƙalin da kowa ya yarda da shi, sai ga Bahaushe yana tsaye yana kallo, ba shi da ɗan'uwa a kowane ɓangare. Suka koya masa dokoki suka ba shi aikin. Nakan ce masa, “Yaya, rashin dangi ne fa ya ba ka muƙamin nan.” Sai ya ce, “Kai da kake da dangi, me aka ba ka?” Ban san wani abu da yake jira a mako kamar safiyar nan ba.

Wata Juma'a cikin sanyin farkon shekarar 2020 ya ja ni na raka shi. Gari ya lumshe. Kafin a fara, shugaban direbobin, wani dogo mai gemu, ya nuna sama ya ce a tsayar da magana tun yanzu: idan ruwa ya katse wasa, yaya za a yi? Na 'yan shagon, gajere mai tabarau, ya goyi bayansa.

Yayana ya ɗaga kai ya dubi sama yadda mahaifinmu yake yi a bakin gona. Hadarin a yamma yake. A garinmu ruwa daga gabas yake tasowa, kowane yaro ya san haka. Ya ce musu, “Wannan ba na ruwa ba ne. Ni ɗan manomi ne. Yalla, ku fara.”

Direbobi suka gama bugunsu. 'Yan shago suna tsakiyar nasu sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka ruga ƙarƙashin wani bene inda ake ajiye motoci. Na matsa kusa da shi na ce, “Yaya, ko dai gabas ɗin ƙasar nan a baya yake?” Ya ce, “Rufe min baki.”

Gardama ta kaure. Mai tabarau ya ce su suka ci, don makinsu ya fi wanda direbobi suke da shi a daidai wannan gaɓar. Mai gemu ya ce a duba masu bugu nawa aka riga aka fitar wa 'yan shagon, saura ragowa, da an ci gaba da sun ƙare. Wani ya ɗaga waya ya ce akwai lissafin da ake yi a manyan wasanni. Aka tambayi wayar wa ce, aka ji ta ɗan shago ce, maganar ta mutu. Aka ce a jefa kwabo, aka ƙi. Sai mai gemu ya juyo wajen yayana ya ce, “Habibi, kai ka hana mu tsayar da magana. Yanzu ka yanke. In ka karkata, khalas, shi ke nan, mu nemi wani.”

Na ga fuskar yayana ta canza. Ya san duk wanda ya ba nasara, ɗaya ɓangaren ba zai sake kiransa ba.

Da ruwan ya fara tsagaitawa, sai ya ce lokacin da ya rage ba zai isa a ƙarasa wasan ba, amma zai isa ɗan guntu. Ya ce a gidanmu idan za a raba nama tsakanin mutum biyu, ɗaya ne yake yankawa, ɗayan ya fara ɗauka. Ya dubi mai tabarau ya ce, “Kai ka faɗi maki nawa ya kamata a samu a wannan guntun.” Ya dubi mai gemu ya ce, “Kai kuma ka zaɓa, ku buga ko ku jefa. In masu bugu sun kai adadin sun ci, in sun gaza masu jifa sun ci.”

Na raɗa masa cewa ai duk wahalar safiyar ya zubar ke nan. Ya ce, “Ruwa ne ya zubar, ba ni ba.”

Mai tabarau ya buɗe baki zai faɗi adadi mai yawa, ya tuna za a iya barinsa da bugun, ya rufe. Ya so ya rage, ya tuna direbobi za su karɓe sandar. Ya daɗe yana goge tabarau, mutanensa suna yi masa surutu a kunne, har mai gemu ya fara dariya. Da ya faɗi adadin, kowa ya yarda. Direbobi suka zaɓi bugu, suka yi ta zamewa a jiƙaƙƙen yashi, suka gaza da kaɗan. Mai gemu ya zagi yashin, ya zagi takalminsa, bai zagi alƙali ba.

Duk da haka yayana bai saki jiki ba a makon nan. Ko abinci ba ya ci sosai. Juma'a ta zagayo, ya idar da salla ya zauna a bakin katifa da kofin shayi, bai sa takalmi ba. Can sai muka ji hon a ƙasa. Na leƙa ta taga, motar mai gemu ce, ya fito da kai yana kira, “Ina manomin?”

Yayana ya ajiye shayin bai shanye ba, ya sauka.