Ruwan da Ba Shi da Rani

Ana sallame sallar asuba kar ɗinmu, babbar motar fasinja, ta bar tashar Agadas. Mu biyar ne: ni, da mahaifiyata, da matar ƙanena, da 'ya'yanta biyu, mace da namiji. Da yawa cikinku kun ga hotunan bakin teku da na sa daga Kwatano, har wani ya rubuta mini, “Alhajin albasa, ana shan iska.” Na gode. Tunda kun ga dariyar, bari in ba ku abin da ke bayanta.

Ƙanena ya bi ta Dirku da Sigidin ya shiga Libiya, ya yi gyaran motoci can, daga baya ya hau jirgin roba zai tsallaka teku. Jirgin bai kai ba. Wani ɗan unguwarmu da aka tsamo da rai shi ya kira ni, ya ce a gaban idonsa aka yi. An fi shekara ke nan. Malamai sun ce a yi masa addu'a a yi sadaka, Inna ta ce ba a gidanta ba. Ta hana shimfiɗa tabarmar gaisuwa, ta hana kowa ya ce Allah ya jiƙansa. Yaran an bar su a kan cewa Baba yana wurin da babu rezon waya. Matarsa kuwa tana zaune, ita ba mai miji ba, ita ba wadda aka yi wa gaisuwa ba, kuma kunyar Inna ta hana ta buɗe baki.

Kada ku ce tsohuwa ta ruɗe. Tana da hujjarta. Ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne Telwa, ƙoramar nan tamu da ke gangarowa daga duwatsun Abzin da damina. Telwa na cin raƙumi, tana cin mota, ta sha cin mutane, amma ba ta riƙewa. In ruwa ya janye sai a bi rairayi a sami mutum, ko a maƙale kan itace yana jira, ko a kwance a ɗauko shi a yi masa sutura. Don haka duk wanda ya zo wa Inna da maganar ƙanena amsa ɗaya yake samu: a bari ruwan ya janye tukuna.

Ni sana'ata kai albasar Tabalot Kwatano, na san ruwan can. Da aka ba 'yan lakwal vakansi, wato hutun makaranta, na ce zan kai yara su ga gari, Inna ma ta zo. Ban ɓoye mata dalili ba. Ta ce, “Shi ne ruwan da ya tahi da shi?” Na ce ba shi ba ne, amma a haɗe suke. Ta ce, “To in je in gane shi da idona.”

Hanyar Agadas zuwa Tawa ba sai na faɗa muku ba. Wurare da dama gudron, wato kwalta, ya zama tarihi, shofer yana zaɓar ramin da ya fi sauƙi ne kawai. Kafin Abalak ƙashin bayana ya gama yi mini Allah ya isa. Nan muka sayi cuku da madara, Inna ta ƙulle cukunta a gefen mayafi, ta ce ba ta san abin da mutanen kudu ke ci ba. Daga Tawa hanya ta ɗan yi mutunci. Muka wuce Ƙwanni, muka wuce Dogon Dutsi, gero ya fara tasowa a gonaki, yaron yana ƙirga jakuna har ya ɓata lissafi ya yi barci. A Doso muka kwana.

A Gaya gadar kogin da ke kan iyaka a rufe take, sai kwalekwale. Kafin ka sauka daga mota masu jirgi sun raba kayanka a tsakaninsu, kowa na rantsuwa nasa ne bai taɓa kifewa ba. Matar ƙanena ta zo bakin kogin ta tsaya cak. Ban taɓa ganin mutum ya bushe a tsaye haka ba. Inna ce ta tattare zanenta ta fara shiga, ta miƙo mata hannu.

“Taho, ɗiyata. Ba ki ga ƙetare ba? Ga mata can suna shanya.”

Ta shiga, idonta a rufe har Malanbil.

Daga nan ƙasa ta fara canza riga. Kandi kore, Faraku ta fi ta, itatuwa sun haɗe kai har ba ka ganin nesa. Wannan ya dami Inna, ta ce yaya mutum zai san inda ya dosa a ƙasar da ba a hango komai. A Faraku muka ci sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, wato cukun Fulanin can, mai taushi, soyayye. Inna ta ɗanɗana, ta ce bai gama zama cuku ba aka sauke shi, ta kwance nata. Amma abarba ta kama ta. Dala arba'in ake ba da guda, a fere maka a tsaye, zaƙi kamar an jiƙa ta da zuma. Ta ci, ta kalle ni, ta ce in ƙaro.

Kwatano gari ne da gumi ba ya bushewa. Ka yi wanka, kafin ka sa riga kana bukatar wani. Masu kabu-kabu, zemijan suke ce musu, sun cika titi da rigunansu ruwan ɗorawa, in fitila ta ba da hannu sai su taso gaba ɗaya kamar fara. A unguwar Zango muka sauka, gidan dillalin da ke karɓar albasata, dattijo ɗan asalin Tawa da ya tsufa a can. Ya san abin da ya kawo mu. Ya ce kada mu yi gaggawa, a bari yara su more garin tukuna.

Mun kuwa zaga. Mun shiga Dantokpa, kasuwar da za ka wuni ba ka ga ƙarshenta ba, inda na nuna wa yaran buhunan albasar garinmu suka yi ta murna kamar sun ga dangi. Wanda zai je da yara ya riƙe hannunsu da kyau, masu tura kaya ba sa neman izini. Mun ga doguwar katangar tashar jiragen ruwa da aka cika da zane-zane. Mun je dandalin da aka kafa gunkin wata jarumar mace mai bindiga da takobi, tsawonta ya fi bene. Shiga kyauta ne, da yamma iyalai ke cika wurin. Yarinyar ta tsaya ta yi irin tsayuwarta a ɗauke ta hoto. Inna ta ɗaga kai ta daɗe, ta ce ko ma wace ce wannan, mijinta ya ga ta kansa.

Washegari muka je Ganbiye, ƙauyen da aka gina a tsakiyar tafki. Matar ƙanena ta ce kanta na ciwo, ba mu matsa mata ba. Gidaje a kan turaku, lakwal a kan turaku, masallaci ma haka. Mata na cin kasuwa daga kwalekwale zuwa kwalekwale, yaro ɗan mitsitsi na tuƙa jirginsa shi kaɗai. Wuri ne mai kyau, duk mai iyali ya je. Ni dai na yi nadamar zuwa, don a hanyar dawowa Inna ta dafa gwiwata fuskarta a sake.

“Ka gani ko? Mutane na zaune cikin ruwa lahiya lau, har suna aihuwa.”

Na kau da kai na ce haka ne, Inna.

Ranar Lahadi da sassafe muka tafi bakin teku, wajen Fijirose, mu duka har da mai masaukinmu. Kafin ka gan shi kake jin sa. Yaron ya tambaya ko kamyo ne, babbar motar kaya, ke sauke duwatsu. Da muka haura rairayin, yaran suka kwasa da gudu, uwarsu ta bi su tana ihu. Igiyar ruwan wurin mugunta gare ta, ba a barin yaro ya wuce idon sawu. Muka kama bukka ta haya, aka sare mana kwakwa. Masunta na jan taru da waƙa, masu dawaki na ɗora yara suna zagayawa da su.

Inna ba ta zauna ba. Ta taka har inda ruwa ke lasar rairayi, ta kare ido da hannu tana neman ƙetare. Ta duba gabas, ta duba yamma. Ta ɗebo da tafin hannu ta kai baki, ta tofar, ta ce ya fi gishirin Bilma. Sannan ta tsinci wani reshen kwakwa ta kafa shi daidai iyakar jiƙar ruwan. Haka ake yi wa Telwa a wurinmu: a kafa kara a bakin ruwa a koma gefe, in ruwan ya bar karan an san ya fara sauka. Ta dawo ta zauna tana fuskantar reshen, carbi a hannu.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ya faru. Ruwan ya fara ja da baya. Kafin azahar reshen na tsaye a kan busasshen rairayi, tsakaninsa da ruwa taku da dama. Ni da nake zuwa garin nan shekara da shekaru, ban taɓa zama na lura ba. Inna ta miƙe, ta kira ni da sunan da ba ta kira ni da shi ba tun ina yaro.

“Tashi ka gani! Shina janyewa! Mi na ce muku?”

Rabon da in ga haƙoranta tun kafin labarin ya zo. Ta aika aka sayo kifi soyayye, ta ci sosai, ta ba jikokinta a baki. Matar ƙanena ta dube ni, na dubi mai masauki, ya girgiza mini kai a hankali alamar in yi shiru. Wallahi ban taɓa jin tsoron farin cikin mutum ba sai ran nan.

Da la'asar ruwan ya juyo. Kaɗan kaɗan, kowace igiya ta ɗan wuce ta baya. Ya zo ya taɓa reshen, ya koma, ya dawo ya kewaye shi. Rana na gab da faɗuwa wata igiya ta tuge shi ta tafi da shi, muna kallo.

Ta juya wajen mai masaukinmu. “Malam, wane wata shika ƙahewa?”

“Ba shi ƙahewa, Inna. Haka shikai kullum, ya ja ya komo.”

“Da rani hwa?”

“Ba shi da rani. Nan na yi hurhura, ban taɓa ganin ƙasanshi ba.”

Ta daɗe tana kallon ruwan. Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi. Can ta kamo hannun matar ƙanena ta riƙe a cinyarta, ta ce, “Ɗiyata, na tsare ki. Ki yahe mini. Allah shi jiƙanshi.” Matar ta kifa kai a kafaɗarta, kukan da ta haɗiye fiye da shekara ya fito. Na yunƙura zan kira yaran, Inna ta ce in bar su su gama wasansu, a gida ake faɗin irin wannan. Suna can suna tsere da kumfar ruwa. Hotunan da kuka gani a lokacin na ɗauke su, don na san ba za su sake irin wannan dariyar da wuri ba.

Dawowa ba ni da abin ba ku. Hanyar nan ce dai, ramukan nan ne. A Gaya matar ƙanena ta shiga kwalekwale idonta a buɗe. Mun iso Agadas da yamma, washegari Inna da kanta ta share zaure, ta fito da tabarmi, ta aika a kira liman. Ita ta zaunar da jikokinta ta faɗa musu. Ban iya tsayawa ba, na fita.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Na ɗauka gaskiya zan kai tsohuwa ta gani ta huta. Ta gani, matar ƙanena ta samu aka yi mata gaisuwa, yaran sun san inda ubansu yake. Amma ban san jiran nan ne ke tashin Inna da safe ba sai da na raba ta da shi. Yanzu takan kai hantsi a kwance. Ku kai iyalanku Kwatano, gari ne mai kyau. Ku dai san abin da kowa ya ɗauko a ransa kafin ku tsayar da shi gaban ruwan nan.

Muna cikin zaman gaisuwa aka yi ruwa a duwatsu, Telwa ta sauko karon farko a bana. Kun san yadda garin ke yi, kowa ya bar abin da yake yi ya nufi bakin ƙorama. Duk shekara Inna ce kan gaba. Jikanyarta ta ɗauko mata takalma ta ajiye a gabanta.

Inna ta ce, “Ku tahi ku gani. Ni na ga ruwa.”