Kurɓin Ruwa Ɗaya a Bikin Wata

Duk safiyar da ta biyo bayan bikin wata, bikin shekara-shekara da ake kunna kyandir a ci waina, za ka tarar da Fung Lai-kuen a durƙushe a filin wasan benayensu da ke Kowloon, tana kankare daskararren kakin kyandir daga siminti. Shekararta ashirin da shida tana sharar wurin. Abokan aikinta gudun kankarar suke, ita kuwa roƙo take a bar mata.

Tana 'yar shekara goma sha biyu, babu yaron da ya kai ta iya dafa kaki. A samo gwangwanin wainar biki, a tara guntayen jan kyandir a ciki, a kunna har ya tafasa, sai a watsa ruwa, wuta ta yi tsalle ta wuce tsayin mutum. Sauran yara da murfin kwalba suke watsawa su ruga. Lai-kuen, uwar iyayi, da baki take fesawa.

A wannan shekarar ƙaninta Chi-hung, ɗan shekara bakwai, ya sunkuya zai ƙara kyandir daidai lokacin da ta cika kumatu. Ta gan shi, amma ruwan ya riga ya fita. Kakin ya sauka a rabin fuskarsa da wuyansa. Uwarsu ta sauko a guje, ta ɓamɓare kakin da farce, fata ta biyo, sannan ta kwarara masa baƙin romon waken suya, wai yana kashe ƙuna. Wata biyu ya yi a asibiti.

Da aka tambaye shi wanda ya yi, sai ya ce, "Wani yaro ne daga bene na shida." A kan haka ya tsaya har ya girma.

Bai yi aure ba. Gyaran fanka ya koya, a ƙuryar shago inda masu ciniki ba sa leƙawa. Duk bikin wata, in an yanka waina, uwarsu sai ta ɗaga kai ta ce, "Yaron nan, kada ya ga alheri. Hannunsa ya bushe, gidansa ya zama kufai." Lai-kuen ta haɗiye wainar kamar tsakuwa. In ta buɗe baki, Chi-hung ya taka mata ƙafa.

"Yaya, bakin nan naki ya yi aikinsa sau ɗaya, ya isa," in ji shi, yana dariya da rabin fuskar da ke motsi.

Ita ma auren bai yiwu ba. Abu ɗaya take so a duniya: ta faɗa wa uwarta gaskiya, ta ji an ce an yafe.

Bara Chi-hung ya rasu, babu sauran mai taka ƙafa. Bana, ranar bikin, ta ɗauki waina mai gwaiduwa biyu ta tafi gidan tsofaffi, inda uwar take kwance. Ta yanka, ta zuba shayi.

"Mama, yaron nan na bene na shida... babu shi. Ni ce."

Tsohuwar ta ci gaba da tauna a hankali.

"Yau kika sani? Ranar nan gaban rigarki sharkaf yake da ruwa, girarki ta babbake. Makauniya kika ɗauke ni?"

"To me ya sa ba ki taɓa..."

"Ɗan'uwanki ya roƙe ni kada in taɓa ki. Ban taɓa ki ba." Ta tura farantin gefe. "Amma duk shekara ina kallon idonki nake yin addu'ar nan. Wa kike zato nake nufi?"

Lai-kuen ta jira ko akwai saura. Tsohuwar ta juya fuska bango, ta ce a rufe mata taga.

Washegari ta fito da abin kankararta. An daɗe da hana dafa kaki, duk shekara kakin raguwa yake, yaran yanzu fitilar batir suke riƙewa. Ta zagaya filin sau biyu, ba ta sami ko ɗigo ba. Duk da haka ta durƙusa a wurin da Chi-hung ya sunkuya, ta fara kankare siminti.