Jidon Rakiya a Tasawa

Kanan Bakashe, ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba

Na fito da sanda a hannu da umarnin Inna, mahaifiyata: in je Tasawa in cire ɗiyata Rakiya daga lakwal, wato makarantar boko. Jiya a waya Inna ta tambaye ta abin da take yi bayan la'asar, ta ce jido, kullum, har kafaɗa ta yi tsami. Nan take Inna ta yanke hukunci: ƙanwata Zali, wadda yarinyar ke zaune gidanta, ta maida mata jika jakin ɗaukar ruwa.

A hanya

Ɗan kabu-kabu ya dubi tumbina ya ce, "Jaka biyu, Alhaji. Kai mutum biyu ne." Sau uku yashi ya riƙe moton, wato babur ɗin, sau uku na sauka na tura, ni da na biya. A shinge jandarma ya ce, "Sanda fa?" Na ce, "Shari'a zan yi da ƙanwata." Ya ce Allah ya ba mai gaskiya.

Tasawa, takwas da kwata

Zali ta kawo fura na ƙi sha, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yaye ni.

"Ina tulunan da kike sa ɗiyata jido?"

Ta nuna mini famfo a tsakar gida, ta yi dariya har ta zauna ƙasa. "Yaya, sha furarka, ka jira la'asar."

Huɗu da rabi ta kai ni wani babban ɗaki mai katifu a ƙasa. Ga Rakiya cikin fararen kaya da ɗamara, ƙalau da ita, har ƙiba ta yi. Malamarsu ta ce sunan abin judo, kokawar mutanen Japan: da ƙarfin abokin karawarka kake kayar da shi, kuma faɗuwa ake fara koyo, haɓa a ƙirji, tafin hannu ya bugi katifa.

Na ce, "Faɗuwa? Madam, shekara goma na yi ina kokawa, bayana bai san ƙasa ba."

Rakiya ta rusuna. "Baba, ka yafe mini tun yanzu. Turo ni."

Na tura. Wallahi sai da na ƙirga ƙusoshin rufin kwano kafin in sauko.

"Baba, ka ji ciwo?"

"Katifar nake dubawa, ko tana da kyau."

Gida, washegari da hantsi

Inna na bakin ƙofa. "Ina jikata?"

"Tana lakwal, Inna. Jidon gaskiya ne, amma ba ruwa take jida ba, mutane."

Ta ga yadda na dafe ƙugu, ta ce, "A bar ta ta yi karatunta. Shekara hamsin ina neman mai kai bakin nan naka ƙasa."

Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, da Zali da ta yafe mini, da bawan Allahn da ya ɗinka katifar nan.