Ikrima Bai Yi Targaɗe A Dutsen Shere Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Maris 2025, daidai da 12 ga Ramadan, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah Ya karɓi ran abokina Ikrima Ɗantsoho Zango bayan zazzaɓin kwana uku. Shekarunsa ashirin da shida. An yi jana'izarsa a Zango bayan La'asar.

Ikrima, shekara huɗu muna ɗaki ɗaya a jami'a. Kai ka sa mini suna Mai Agogo, don ba na fita sai na san lokacin dawowa. Duk ranar jarrabawa kai kake raka ni ƙofar aji, kana ba ni labarin awakin Innarka har hankalina ya kwanta.

Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, yau zan faɗa.

Ranar Juma'a, 16 ga Agusta 2024, mako biyu da gama karatunmu, ka zo gidanmu a Daura da sassafe tare da abokanmu Badaru da Hamma, a motar yayan Badaru. Ka ce, "Mai Agogo, ɗauko jakarka, Jos za mu, Lahadi mu dawo." Na tambayi inda za mu sauka, ka ce can ma akwai Allah.

Ranar Asabar muka nufi duwatsun Shere. Mu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muka tashi. A Daura in ka hango kuka, ka san tafiyar da ke tsakaninku. Da wannan idon muka auna dutsen, muka ce rabin awa ne, muka hau da kaftanin shadda da takalman zuwa ɗaurin aure. Awa biyu da kwata ba mu kai sama ba. Yayyafi ya sauko, dutse ya yi santsi.

Badaru da Hamma suna gaba. Ni kuwa na waiwaya na dubi ƙasa, nan take tsoro ya kama ni. Na rungume dutse, na kasa gaba na kasa baya. Ka dawo, ka dube ni sau ɗaya, ka ɗaga murya: "Ku wuce, na yi targaɗe! Mai Agogo zai tsaya da ni."

Ka cire takalmana da naka, ka shiga ƙasana, kana kama ƙafata da hannu kana ɗora ta inda za ta zauna. Ka ce, "Kada ka dubi ƙasa. Mummunar fuskar nan tawa kawai za ka duba." Minti hamsin muka yi kafin mu sauko.

Har Lahadi kana ɗingishi. Hamma ya ja maka lafiyayyiyar ƙafa, ka yi ta ihu. Suka sa maka suna Ɗan Targaɗe, wai wanda ya kawo shawarar hawan dutse shi ya fara kasawa. Kusan wata bakwai ana maka dariya, ni ma ina cikin masu yi. Sau biyu na so in faɗi gaskiya, ka ce, "Bar su, ni sunan ya fi yi wa kyau."

A zaman makoki Hamma yana hawaye ya ce, "Allah Ya jiƙan Ɗan Targaɗe." To, Badaru da Hamma, ku ji yanzu: ƙafar Ikrima ƙalau take. Ni ne tsoro ya kama, shi kuma ya ɗauki kunyar ya ɗora wa kansa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Inna Barakatu, da ƙanwarka Raihana, da dangi baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri da juriyar rashinka. Allah Ya gafarta maka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Ya tabbatar da ƙafarka a kan siraɗi, Ikrima, yadda ka tabbatar da tawa a kan dutse. Amin.

Muktar Lawal, Daura