Ranar da Na Sato Zalisa a Babur

Ina cikin jera tumatir a rumfata wayata ta yi ƙara. Sayuba ne, babban ɗan ƙawata Zalisa Lengani. Ya ce, "Inna Kapuri, baiwarki ta gudu ta bar ki." Sai na jiyo kukan mata a bayansa. Na zauna a ƙasa, tumatir na gangarawa ƙarƙashin tebur, ban bi ko ɗaya ba.

Zalisa 'yar ƙabilar Bisawa ce, ni kuwa Bagurunsa, kuma Bisawa abokan wasanmu ne tun kaka da kakanni. Aure ne ya kawo ta Wagadugu daga Garango. A bakin famfo muka fara haɗuwa. Tana jin sunana ta ture bokitina gefe ta ce, "Baiwa ba ta ɗiba kafin uwar gijiyarta." Na ce, "Maciyar gyaɗa, wa ya sake ki daga gona?" Daga ranar ba mu rabu ba. Da mijinta ya rasu, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta raini 'ya'yanta. Lokacin da na haifi autana ita ta yi mini wankan jego, tana watsa mini ruwan zafi tana cewa jaririn muni ya ɗebo irin na danginmu.

Amma in kana son ganin Zalisa ta gaske, sai ranar ƙabilu, wadda unguwarmu ke yi duk shekara a filin makaranta. Mosawa su fito da gangunansu, Fulani da ƙoren nono, mu da sarewa, kowa cikin saƙin garinsu, ana rawa ana zagin juna ana dariya. Ita ta tara matan Bisawa tun suna 'yan kaɗan, ita ke shiga gabansu da ƙwaryar caki a hannu. In ta girgiza kugu, har masu sayar da ruwan gero sukan bar robobinsu su zo kallo.

Bana ciwon zuciya ya kwantar da ita, ƙafafunta suka kumbura. Sayuba ya rantse ba za ta je fili ba, ya sa wa ƙofar gida sakata. Ba laifinsa ba ne, tsoro yake ji. Da safiyar bikin ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa. "Kapuri, ina jin ganga daga nan. Sun ɓoye mini zanena. In ban shiga gaban matan nan yau ba, ban san ko zan sake ba."

Na rufe rumfa, na hau babur. Na buga ƙofar kamar mai neman faɗa.

Sayuba ya leƙo. "Inna, don Allah. Likita ya hana."

"Kauce, ɗan gyaɗa. Kayana na zo ɗauka. Yaushe Babise ya fara hana Bagurunse dukiyarsa?"

"Inna, ba wasa nake ba."

"Ni ma. In ka isa ka yi fushi da ni, gobe duk unguwa ta ji."

Ya san ba a fushi da abokin wasa, kuma ba a tare masa hanya. Ya tsaya yana sosa ƙeya, sai ga uwar ta fito tana dafa bango, ta riga ta ɗaura ɗankwali. Shi da kansa ya koma ya ɗauko zanen. Ya ɗora ta bayana, ya biyo mu da kujera a nasa babur.

Ai kuwa muna shiga fili aka ɓarke da guɗa. Na zagaya da ita gaban rumfunan duka ina danna oda, ina cewa ga baiwa na kamo, wa zai saya. Wani tsohon Bamose ya ce ko kyauta ba ya so, za ta cinye masa rumbu. Matan Bisawa suka yo kanmu da gudu, suka sauke ta, suka damƙa mata ƙwaryarta. Masu ganga suka sauko da kiɗan daidai ƙafarta. Ta shiga gaba. Taku kaɗan ta yi, amma kafaɗunta da kugunta suna nan yadda na san su, matan kuma suka bi ta a hankali, babu wadda ta wuce ta. Gurunsawanmu suka shigo da sarewa suna watsa mata gyaɗa kamar ana ciyar da kaji, tana cafewa tana jefawa a baki. Sayuba na tsaye rungume da kujera, yana dariya yana share ido.

Bayan bikin 'ya'yanta suka kai ta Garango wajen ƙannenta ta huta, can kuma Allah ya karɓi abarsa. Don haka rabuwarmu ita ce ta yammacin nan, da na mayar da ita gida. Na zaunar da ita a tabarma, tana haki, fuskarta sai ƙyalli take. Ta riƙe mini hannu.

"Maciyar kare, faɗa mini gaskiya. Na yi kyau?"

Yabo ya zo mini har baki, na haɗiye shi.

"Kin yi muni kamar kullum," na ce. "Agwagwa ta fi ki iya rawa."

Ta yi dariya har da tari. "Madalla. Da kin yabe ni, da na san jikin nan ya yi tsanani. Tashi ki tafi, kin cika mini gida da wari."